Shandaliya mai kilo 28 a silin POP: tambaya daga Tumfure

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masu sani kafin in biya kuɗi. Gidan yana Tumfure a nan Gombe, rufin kwano ne a kan katako, an riga an gama POP har an yi fenti. Falon ƙafa 18 ne a ƙafa 14, daga tayil zuwa silin ƙafa 10. An turo mini hoton wata fitilar ado ta gilashi daga Kano, irin wadda ake kira shandaliya: faɗinta santimita 90, tsawonta 80, a jikin kwalin an rubuta kilo 28. Ba a sa mata ƙwai, LED ɗinta a cikin jikinta yake, tana da rimot, tana canza launi uku. Mai kayan ya ce kiristal ce 'yar Turkiyya. Mai POP kuma ya ce in kawo kawai, zai kama ta da sukuru huɗu a jikin silin, maganar da hankalina bai kwanta da ita ba.

Silin zai ɗauke ta? Wutarmu da ke yawo tsakanin ta JED, kamfanin da ke ba mu wuta, da janareto da inbata ba za ta ƙona ta ba? Yaya ake gane kiristal na gaske? Ƙurar hunturu fa? Sannan akwai saitin kujeru na leda masu ƙafafu ruwan zinare da teburin mabul da nake so in haɗa da ita, ko akwai abin da zan duba a jikinsu.

Injiniyan Bolari

Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba. POP shi kansa ɗauke shi aka yi. In kika leƙa bayansa za ki ga allo ne na farar ƙasa wanda kaurinsa bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, an rataye shi da zaren filas da waya a jikin ƙananan katako. Sukurun da aka murɗa a cikinsa zai riƙe ranar farko, har a kunna a ɗauki hoto. Daga nan iskar fanka, da bugun ƙofa, da guguwar farkon damina mai girgiza rufi za su riƙa cin bakin ramin a hankali, gari yana zuba ba wanda ya lura, har ranar da kilo 28 na gilashi zai sauko a kan tebur ko a kan wanda ke zaune. A ƙa'idar wayarin ta Amurka, fitilar da ta haura fam 50, wato kusan kilo 23, ba a rataye ta ko a jikin akwatin wuta na gama-gari, sai an yi mata marataya tata daban. Balle allon POP.

A gida irin naki, aikin a cikin rufi yake. A shiga ta ƙofar silin. In ba a bar ƙofa ba, a yanka guda a korido ko sito, santimita 60 a 60, dama ko ba don fitila ba wata rana za a neme ta. A nemo manyan katakon da ke kwance daga bango zuwa bango, waɗanda suka ɗauki rufin, a bar ƙananan da mai POP ya kakkafa don aikinsa. A gitta ƙarfen angil, wato mai kusurwa kamar harafin L, mai milimita 50 a 50, kauri 5, a kan biyu daga cikinsu. Na ce a kansu, domin nauyi ya riƙa danna katakon ƙasa. In aka kafa shi a gefe ko a ƙarƙashi, nauyin duka ya koma kan ƙusa, ita kuma zarewa take yi idan katako ya bushe. Kowane gefe a huda a ɗaure da bol da noti. Wannan angil ɗin ya isa muddin tazarar katakon biyu ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba. Kafin a ɗora, a soka wa katakon sukundireba: in ya shige cikin sauƙi ko gari ya zubo, gara ta riga ku, sai an canza shi an shafe sabon da maganin gara.

Daga tsakiyar angil ɗin sai a sauko da rodi mai zare na milimita 10, da wosha, da noti biyu a sama waɗanda aka matse juna don kada su warware. Ramin da za a huda a POP ya fi rodin faɗi, kamar milimita 20, yadda rodin ba zai taɓa allon ba ko kaɗan. Farantin fitilar zai rufe ramin. A ƙara siririyar igiyar ƙarfe ta milimita 3, a ɗaure ta a wani katako daban, ɗaya bakin kuma a jikin ƙarfen fitilar, a bar ta da ɗan sako-sako. Ita ba ta ɗaukar komai sai ranar da wani abu ya saki.

Kafin gilashi ko ɗaya ya hau, a gwada. Buhun siminti na Ashaka kilo 50 ne, kusan ninki biyu na fitilarki. A ɗaure shi da igiya a jikin rodin, ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a auna tazarar, a bar shi ya kwana. Da safe a sake aunawa. In ya sauko, ko wata tsaga ta bayyana a silin, aikin bai yi ba.

Ga masu dekin da za su karanta wannan: bol mai buɗewa na ƙarfe, milimita 10, ya shiga kankare santimita 6 zuwa 7, guda biyu aƙalla. A hure ƙurar ramin kafin a sa shi, a kuma tabbatar ba a kan bututun waya ake hudawa ba. Fishar roba ba ta da wuri a wannan aiki.

Girma kuma, akwai lissafin da masu ado ke yi: a haɗa tsawon ɗaki da faɗinsa a ƙafa, abin da ya fito shi ne faɗin fitila a inci. Naki 18 da 14, ya ba da inci 32, wato santimita 81. Mai 90 ta ɗan ɗara, amma ba za ta cika ido fiye da kima ba. Tsayin ne matsala. Ƙafa 10 santimita 305 ce, ana son a bar ƙafa 7, wato 213, daga ƙasa. Saura 92. Jikinta 80 da faranti da ƙugiya sun cinye wannan tas, babu wurin sarƙa. Ƙafa 7 ɗin ma na mai tafiya hannu a ƙasa ne. Dogon mutum da hula ya ɗaga hannu zai gyara babbar riga, sai ya taɓo ta. Don haka dole ta sauka daidai kan teburin tsakiya, inda ba a bi. In fanka za ta zauna a falon, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin bakin fiffikenta da gilashin.

Mai Wuta Jekadafari

Injiniya ya gama da sama, ni bari in taɓa wuta. Hajiya, shawarata ki bar mai LED a ciki, ki nemi irinta mai ƙwai, holda E14 (ƙaramar mai murɗawa) ko E27 (babbar).

Dalili shi ne, LED ba ya shan wutar gida kai tsaye. Akwai ɗan akwatin da muke kira direba, shi ke mayar da 230V zuwa abin da LED ɗin ke so. Shi ne ke fara mutuwa, ba LED ɗin ba. A cikinsa akwai kafasita mai ruwa, wadda duk ƙarin zafi na digiri 10 yake rage mata kusan rabin kwananta. A ina ake ɓoye direban? A cikin faranti, manne da silin, ko a jefa shi bayan POP. A watan Maris da Afrilu, lokacin da garin nan ke kai digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano yana haura 50. To ki ƙara da wutar da ke hawa da sauka. In ya mutu, ba kowane direba ne zai shiga gurbinsa ba: sai an dace da lambar da ke jikinsa, misali 300mA, da iyakar ƙarfin wutar da yake fitarwa, mai launi uku da rimot kuma sai irinsa sak. In ba a samu ba, an bar ki da kilo 28 na ado mara haske. Mai ƙwai kuwa, ɗaya ya mutu a hau tsani a canza, ƙwan E14 akwai shi a shagunan kayan wuta na cikin gari.

Wani abin haushi da masu launi uku: da yawansu da kashewa da kunnawa suke canza launi. Duk sanda aka ɗauke wuta aka juya zuwa janareto, sai ta ɗauka an taɓa makunni, ta koma wani launi. Masu direba biyu har rabuwa suke yi, rabi fari rabi ruwan ɗorawa. Wasu masu rimot kuma da wuta ta dawo sai su kama da kansu, ko da ƙarfe biyun dare ne.

In ranki ya riga ya kwanta a kan wannan ɗin, to a cika sharaɗi uku. A buɗe faranti a karanta jikin direban, ya zama an rubuta 85 zuwa 265V ko kusa da haka, ba 220V kaɗai ba. A sayi direba na ajiya guda ɗaya ko biyu tare da ita a rana ɗaya. A kuma ajiye shi inda hannu zai kai ba tare da an sauke fitilar ba.

Lissafin ƙwai: hannu 12, kowanne LED mai wat 4, jimla wat 48. Da tsohon ƙwai mai wat 40 ne, wat 480 ke nan, ga zafi, ga cinye batirin inbata. Kowane mai wat 4 yana ba da lumen 400, ma'aunin yawan haske ke nan, ko sama kaɗan, duka kusan 4,800. Falonki murabba'in mita 23 ne da ɗoriya, wannan ya ishe shi zama da hira, musamman in akwai ƙananan fitilun cikin POP a gefe. A raba makunni biyu, rabin ƙwan a ɗaya rabi a ɗaya, ya fi sayen dima, wato makunni mai rage haske, sauƙi. In dima ake so, sai ƙwan ya zama wanda aka rubuta ana iya rage masa haske, dimar ma ta LED ce. In ba haka ba sai ƙyaftawa da ƙara kamar ta sauro. Inbatar da ba mai tsabtar wuta ba, irin masu araha, ita ma tana sa wannan ƙarar.

Ƙwan ya zama mai gilashi garau, wanda ake hango zarensa. Kiristal yana walƙiya ne idan haske ya fito daga ɗan ƙaramin wuri mai kaifi; ƙwai mai farin rufi yana baza hasken, sai duwatsun su yi shiru kamar ba su ba. Launin haske lamba ce mai K a jikin ƙwai: da ƙarfe ruwan zinare a sa 2700K zuwa 3000K, mai ɗan ruwan ɗorawa. Da ruwan azurfa 4000K ya fi. Mai 6500K da muka saba saye yana mayar da falo kamar ɗakin gwajin jini.

Wayarin kuwa, waya mai 1.5, bireka mai amfiya 6. Makunni ya yanke waya mai wuta, wato ja a tsohon launi ko ruwan ƙasa a sabo. In aka yi kuskure aka yanke ta nutural, ƙwan LED zai riƙa ɗan haske ko an kashe, jikin holda kuma da wuta a ciki lokacin da mai shara ya hau. Wayar atin, mai kore da ruwan ɗorawa, dole ta kama jikin ƙarfen fitilar da sukuru. Yawancin wuraren fitila a gidajenmu waya biyu kawai ake ja, to a ja ta uku tunda za a shiga rufin. A haɗa wayoyi da kanekta, ba murɗawa da salatif ba, domin salatif a wannan zafin sakin gam yake yi. A allon wuta kuma a sa na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, mai jinkirin dawowa, da mai kare tsawa. Ranar da nutural ya tsinke a layi mai fes uku, abin da zai shigo gida yana iya tunkarar 400V, babu direban da zai sha.

Anti Mai Ado

Maman Ilham, sannu da hidima. Kalmar kiristal a kasuwa ta zama kamar kalmar shadda: kowa ya ce tasa ce, sai an taɓa ake sanin gezna.

A ƙa'idar Turai, ba a kiran gilashi kiristal mai dalma sai dalmar da ke cikinsa ta kai kashi 24 cikin 100, mafi daraja kuma kashi 30. Dalmar ce ke ƙara masa nauyi, ta sa ya fasa haske ya fito da launukan bakan gizo. Sanannun masu yin sa su ne mutanen Bohemiya a ƙasar Cek, inda kamfanin Preciosa yake, da Asfour na Masar. Swarovski na Ostiriya, wanda aka kafa a 1895, ya koma yin nasa ba da dalma ba, kuma duwatsunsa na fitila masu daraja suna da ɗan tambari da aka zana a cikinsu. Murano kuma wata duniya ce daban: tsibiri ne a Benis ta Italiya, inda aka mayar da masu narka gilashi tun 1291, da baki suke hura shi su lanƙwasa da hannu. Za ki ga ƙananan kumfa a ciki, kuma babu hannu biyu da suka zo daidai da juna. Na gaske yana zuwa da tambarin Vetro Artistico Murano da takardar masana'anta. In hannu ɗaya ya karye sai an aika can an yi wani, don haka ban ga dacewarsa a falon da yara ke buga ƙwallo ba.

Mafi yawan abin da ke shagunanmu kuwa K9 ne, gilashi mai tsabta wanda ba shi da dalma, kuma cibiyar haɗa irin waɗannan fitilu garin Guzhen ne a lardin Guwandon na ƙasar Sin. Ba aibi ba ne. K9 da aka yanka da kyau yana walƙiya, bai kai mai dalma nauyi ba, in ya fashe ana samun madadinsa. Abin ƙi shi ne ki biya kuɗin Cek a ba ki K9, ko ki biya kuɗin K9 a ba ki roba. Ki sa a ɗauko miki hoton kwalin ta kowane gefe, ƙasar da aka yi ta tana rubuce.

Gwaji ba ya son hoto, sai dutse ɗaya a hannu. Ki ɗora shi a kumatu: gilashi sanyi, roba ɗumi. Ki auna a tafin hannu: gilashi ya ninka robar akirilik nauyi sau biyu, mai dalma ya fi haka. Ki duba gefunan yankan: wanda aka yanka aka goge, bakinsa kaifi ne kuma fuskokin sun haɗu a tsini ɗaya, wanda aka zuba a mazubi bakinsa a dakushe yake, da ɗan layi a gefe inda mazubin ya haɗu. Ki ja allura a kusa da ramin rataya: roba za ta yi zane. Sai ki haska tocilan waya ta cikinsa zuwa farin bango ki ga ko launuka za su fito. Jikin ƙarfen kuma a sa masa maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, zai yi tsatsa duk inda rufin ya kwarzane. Tagulla ba ta kamawa.

Ƙura ita ce za ki zauna da ita shekara da shekaru, don haka tun a zaɓe ake rage ta. Mai zirin ƙananan duwatsu ɗari biyar kyakkyawa ce a shago, amma kowane dutse sai an goge shi da hannu. Mai manyan ƙwallaye ko faranta na gilashi ashirin zuwa talatin, cikin awa ɗaya an gama. Kofunan da bakinsu ke kallon sama suna tara ƙura da hunturu, su tara shinge da ƙwari da damina. Masu kallon ƙasa sun fi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne turaren wuta. Hayaƙinsa yana da maiƙo, yana hawa ya kwanta a gilashi, ƙura ta zo ta manne a kai ta zama danƙo. Kada a ajiye kasko a kan teburin da ke ƙarƙashinta, a kai shi lungu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a riƙa kaɗe ta duk sati biyu da busasshen tsumma mai laushi ko abin hura iska. Wanki na sosai sau biyu a shekara: bayan hunturu, da ƙarshen damina. A kashe bireka, a bar ƙwan ya huce, a shimfiɗa bargo mai kauri a ƙasa, a ɗauki hotonta ta kowane gefe in za a cire wani abu. Ruwan wankin kashi ɗaya sifirit, kashi uku ruwan distil, wanda ake ƙara wa batirin inbata. A lura, distil na ce, ba asid ɗin batir ba. Ruwan bohol yana barin farin tabo idan ya bushe. A sa safar hannu ta auduga biyu, ɗaya a jiƙe ɗaya a bushe, a bi dutse ɗaya bayan ɗaya. Ba a fesa wa fitilar ruwa kai tsaye, yana shiga holda. Shuɗin ruwan goge gilashi mai amoniya yana cin rufin zinare. Kuma mai gogewa shi zai riƙa zagayawa da tsani. In ya tsaya wuri ɗaya yana juya fitilar, yana kwance zarenta ne yana murɗe waya.

Kafintan Herwagana

Hajiya, a kan kujerun. Abin da ake kira leda yadi ne aka shafa wa roba a fuska. A zafinmu da bushewar hunturu robar tana tsagewa ta fara ɓarewa, daga wurin kai da hannu, sau da yawa cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma ba ta gyaruwa sai an sake rufi. Ki zuge zif ɗin matashi ki duba bayan: in saƙa kika gani, leda ce, fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne. Karan-miski yana da kyau da hasken shandaliya amma maƙwabcin ƙura ne. Yadi mai saƙa matsattsiya, wanda rigar matashinsa ke cirewa a wanke, ya fi daɗewa a nan.

Soso a auna shi a sikeli, kada a tsaya ga dannawa da hannu, domin akwai mai tauri mara nauyi wanda ke zubewa cikin wata shida. Na zama ya kai kilo 30 zuwa sama a kowace mita kubik. Matashi mai santimita 60 a 60, kauri 15, zai yi kusan kilo 1.7 in mai 32 ne; in ya tsaya a kilo ɗaya, na jingina ne aka sa a mazauni. Katakon ciki ya zama busasshe. Wanda aka haɗa a Kudu da ɗanyen katako, in ya sha hunturu ɗaya a Gombe sai ya tsuke, gaɓoɓi su saki, kujera ta fara kuka. Ki ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba kamar taƙi: in ɗayar ta gaba ba ta biyo ta ba, firam ɗin yana murɗewa. Maɗaci da loko da busasshiyar malaina duk suna yi. In da MDF, wato allon garin katako da aka matse, a jiki, kada ya taɓa ƙasa, ruwan mofa yana kumbura shi kuma ba ya komawa.

Ƙafafun zinare iri biyu ne. Akwai silba mara tsatsa da aka yi wa rufin PVD, wato siririn rufin ƙarfe da ake yi a masana'anta, yana daɗewa. Akwai baƙin ƙarfe da aka fesa wa fenti, wanda ruwan haifo na goge tayil ke cinyewa daga ƙasa. Maganaɗisun da Anti ta faɗa yawanci shi zai raba.

Mabul na gaske yana da nauyi: fuska mai santimita 120 a 60, kauri 2, ta kusa kilo 40. In mutum ɗaya ya ɗaga da hannu ɗaya, katako ne da hoton mabul. Na gaskiyar kuma ba ya shiri da tsami. Lemon tsami, kunun tsamiya, nono, duk suna kashe masa ƙyalli, zoɓo kuma ya bar ja. In a kansa za a riƙa ajiye wa baƙi abin sha, dutsen giranit ya fi haƙuri. In gilashi ne, ya zama gasasshe mai milimita 10, wanda in ya fashe yake zama tsakuwa.

Ki auna kafin ki saya. Faɗin falonki santimita 427 ne. Kujeru biyu masu zurfin 95 suna fuskantar juna sun ci 190, saura 237. Tebur mai faɗin 70 ya bar kusan 83 kowane gefe, ya yi. In masu manyan hannuwa ne da zurfinsu ya kai 110, wurin shimfiɗa ledar cin abinci ko darduma ya tafi. A auna ƙofar shiga ma.

Maman Ilham

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Na yi magana da mai kayan, akwai irinta mai ƙwai 12 na E14, kilo 22, tsawo 70, kuma ya ce K9 ce. Ita zan ɗauka. Da kilo 22 ɗin ma sai an shiga rufi? Kuma a haɗo ta daga Kano ko a nan za a haɗa?

Injiniyan Bolari

Sai an shiga, Hajiya. Ko kilo 5 ce ba a ba POP. Angil ɗin da rodin da gwajin buhu duk suna nan yadda na faɗa. Tsawo 70 ya ba ki rarar santimita 20 na ƙugiya da faranti, ya fi waccan zama.

Anti Mai Ado

Kada a haɗo. Ta zo a kwalinta, kowane gilashi a cikin soso nasa, a sa ta a kujerar mota ko a saman kaya, ba a ƙarƙashin buhuna a but ba. Hanyar Dukku ba ta raga wa gilashi. Kafin a rufe kwalin a Kano a ƙirga duwatsun da hannuwan a gaban wanda kika aika, a gwada kowace holda da ƙwai, a karɓo takardar zanen haɗawa. Ki nemi rarar duwatsu goma zuwa ashirin da ƙananan ƙugiyoyinsu, da kofi ɗaya ko biyu in tana da kofuna, domin bayan shekara ba lallai a sami irinsu ba.

Ranar haɗawa mutum biyu, da tsani mai ƙafa huɗu. Firam ɗin kaɗai za a fara ratayawa, a haɗa wuta, a sa ƙwai a kunna a ga duka 12 sun kama, a duba ta tsaya daidai ba ta karkata ba. Sannan gilashi, da safar hannu, daga ciki zuwa waje, daga sama zuwa ƙasa, ana sa ɗaya a nan ɗaya a kishiyarsa don kada nauyi ya taru gefe guda. Wannan duka bayan an gama goge tayil da duk wani aiki mai tayar da ƙura, an kuma rataye labule. Kujeru da tebur su shigo washegari, bayan an fitar da tsani.